Darasi: Kafa Sabar Rumbun Bayanai Domin Manhajar Rahoto

A wannan darasi za mu kafa saba, wato kwamfutar da aikinta shi ne ajiye bayanai da amsa tambayoyin sauran kwamfutoci, domin manhajar fitar da rahoto ta riƙa ɗiba daga gare ta. Wanda ya kammala zai iya girka PostgreSQL a kan Ubuntu, ya kawo mata bayanai daga rumbun da ake aiki da shi kullum, ya tsare ƙofarta, sannan ya tabbatar alƙaluman da ke fita daga cikinta na gaskiya ne. Ku riƙe dalilin kowane mataki fiye da yadda za ku riƙe umarninsa, domin umarni yakan canza daga siga zuwa siga, dalili kuwa yana nan.

Me ya sa rahoto ke buƙatar nasa rumbun

Mu ƙaddara akwai kamfanin sayar da magunguna mai rassa uku. Duk sa'ad da mai karɓar kuɗi ya yanka rasit, manhaja tana rubuta 'yan layuka a rumbu, ta rage adadin kayan da ke sito, ta gama kafin mai saye ya ƙirga canjinsa. Ayyuka ne ƙanana, amma ba sa yankewa daga safe har dare. Sai ƙarshen wata ya zo, manaja ya ce a kawo masa cinikin kowane reshe, wata-wata, na shekara biyar da suka wuce. Tambaya ɗaya ce tak, amma kafin a amsa ta sai an karanta miliyoyin layuka, an jera su, an haɗa jimla. Idan a rumbu ɗaya ake yin duka biyun, abin ya zama kamar akanta ne ya zo ranar kasuwa ya zauna a kan littafin ciniki yana lissafin shekara, yaran shago kuma suna tsaye da biro suna jiran ya ɗaga hannu.

A PostgreSQL mai karatu ba ya kulle wa mai rubutu layi, wannan gaskiya ne. Amma faifai ɗaya suke amfani da shi, RAM ɗaya, ƙwaƙwalwar sarrafawa ɗaya. Akwai kuma wata illa da ba a gani nan take: muddin doguwar tambaya tana gudana, mai sharar rumbu, wato autovacuum, ba ya iya kwashe tsofaffin layukan da aka sauya, sai teburori su yi ta kumbura, aiki ya yi ta nauyi.

Saboda haka ake raba su biyu, rumbun aiki da rumbun rahoto. Ma'aikatan lafiya da yawa sun san misalin wannan rabuwa ko da ba su san sunanta ba. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, kuma Najeriya da Nijar duk suke tattara alƙaluman asibitoci da ita, a kan PostgreSQL take zaune. Abin da jami'i ya shigar da rana ba ya bayyana a jadawalin rahoto sai an sake gina teburorin nazari na daban, aikin da galibi ake sa wa lokaci cikin dare. Shi ya sa sabon ma'aikaci kan ce ya shigar da lamba amma ba ta fito ba. Lambar tana nan, ba a kai ta ɓangaren rahoto ba ne tukuna.

Na'ura da girkawa

Sabar rahoto ta fi son RAM mai yawa da faifai mai sauri. A wannan darasi za mu yi lissafi da na'ura mai RAM 16GB da faifan SSD. Ku haɗa ta da UPS ko inbata tun ranar farko, ku kuma ajiye ta inda iska ke shiga kuma ƙura ba ta yi yawa ba. PostgreSQL tana rubuta kowane canji a wani kundi mai suna WAL kafin ta taɓa teburin kansa, shi ya sa take iya farfaɗowa bayan an ɗauke wuta ba shiri. Za ku ci karo da masu ba da shawarar a kashe fsync don ƙarin sauri. Kada ku bi wannan shawara. Da fsync ne rumbu ke tabbatar da cewa abin da ya rubuta ya sauka a kan faifai, kuma inda wuta ke tafiya ba sallama, kashe shi na iya lalata rumbun baki ɗaya.

Na zaɓi PostgreSQL ne don kyauta ce, ba kuɗin lasisi, kuma ta daɗe ana gwada ta: Michael Stonebraker ya fara aikin a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1996. Kowace babbar siga ana kula da ita shekara biyar. Wanda ofishinsu ke amfani da MySQL ko SQL Server zai tarar umarnin ya bambanta, tunanin kuwa ɗaya ne.

A kan Ubuntu 24.04 umarni ɗaya ya isa:

sudo apt install postgresql

Wannan zai girka siga ta 16. Fayilolin saiti suna cikin foldar /etc/postgresql/16/main/, kuma biyu daga cikinsu za mu yi ta komawa gare su: postgresql.conf da pg_hba.conf. Ku shiga da sudo -u postgres psql, ku ƙirƙiri rumbun:

CREATE DATABASE rahoto ENCODING 'UTF8' TEMPLATE template0;

Kada ku raina wannan kalma ta UTF8. Tsohon tsarin haruffa na LATIN1 ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, ba shi da ƴ da ake rubutawa a Nijar, ba shi ma da alamar naira. Idan bayanai suka ratsa ta irin wannan tsari a hanya, ko dai rumbu ya ƙi karɓarsu, ko kuma Ɗanbatta ya fito da alamar tambaya a farkon sunansa, rahoto ya ɗauke shi wani gari daban, cinikin reshe ɗaya ya rabu gida biyu.

Hanyar kawo bayanai

A nan ne shawarar da ta fi kowace nauyi take, kuma ba ta fasaha ba ce kaɗai. Kafin ku taɓa komai, ku je ku tambayi wanda zai karanta rahoton: ranka ya daɗe, alƙaluman jiya da daddare sun wadatar, ko sai na yanzu-yanzu? Da yawa za su fara cewa na yanzu-yanzu suke so. Ku sake tambaya, wace shawara za a yanke da rahoton, kuma sau nawa a wata? Galibi sai a gano na jiya sun isa, aikinku kuma ya ragu sosai.

Idan na jiya sun isa, hanya mafi sauƙi ita ce lodin dare. Bayan an tashi daga aiki, wani ɗan shiri da aka sa wa lokaci da cron zai kwaso bayanan ranar daga rumbun aiki ya zuba a rumbun rahoto. Ga ƙaramin rumbu ana iya kwafe shi ɗungurungum da pg_dump a mayar da pg_restore. Hanya ce da ba ta da ado, amma idan ta lalace kowa zai gane inda ta lalace. Ita nake ba ƙananan ofisoshi shawarar su fara da ita.

Hanya ta biyu ita ce kwafi na kai tsaye, wanda ya shigo PostgreSQL a siga ta 9.0 a 2010. Ana ɗaukar hoton rumbun aiki gaba ɗaya da pg_basebackup, daga nan kuma kundin WAL ya yi ta kwarara zuwa saba ta biyu, tana bin ta farko da tazarar daƙiƙu. Sai dai wannan kwafi na karatu ne zalla. Ba za ku iya ƙara masa tebur ko fihirisa na kanku ba, ko sabon mai amfani ma sai an ƙirƙire shi a rumbun aiki ya gangaro. Akwai kuma saƙon da duk mai wannan tsari zai gani wata rana: canceling statement due to conflict with recovery. Ma'anarsa, rumbun aiki ya share wasu tsofaffin layuka da doguwar tambayarku take kan karantawa, kwafin ya jira daƙiƙa 30, wanda shi ne wa'adin asali na max_standby_streaming_delay, sannan ya yanke tambayar. Kuna iya ƙara wa'adin, amma kwafin zai riƙa zama a baya. Kuna iya kunna hot_standby_feedback, amma kumburin teburi da kuka guda zai koma kan rumbun aiki. Kowanne da kuɗinsa.

Hanya ta uku ta zo da siga ta 10 a 2017. Rumbun aiki yana wallafa teburorin da kuka zaɓa da CREATE PUBLICATION, rumbun rahoto ya yi rajista da CREATE SUBSCRIPTION, canje-canje su riƙa zuwa layi-layi. Alfanunta babba ne: rumbun rahoto naku ne, ku ƙara abin da kuke so, ku kuma bar teburorin da bai kamata su zo ba. Amma ba ta kawo canjin fasalin tebur. Idan an ƙara ginshiƙi a can ba a ƙara a nan ba, kwararar za ta tsaya.

Akwai haɗari guda da ya shafi wannan hanya, har da ta biyu idan an yi amfani da gurbin kwafi, wato replication slot, kuma ina so ku ja masa layi. Rumbun aiki yana riƙe duk WAL ɗin da sabar rahoto ba ta karɓa ba, yana jiranta. A ce batirin inbata ya mutu ranar Juma'a, sabar rahoto ta kwana uku a kashe, ba wanda ya damu tunda ba a neman rahoto. Duk tsawon kwanakin nan kundin yana taruwa a faifan rumbun aiki. Ranar da faifan ya cika, rumbun aiki ne zai tsaya, rassa uku su kasa yanka rasit. Tun daga siga ta 13 akwai saitin max_slot_wal_keep_size da ke sa wa wannan taruwa iyaka. Ku sa shi. Idan an wuce iyakar, kwafin ne zai lalace a sake gina shi, kuma wannan asara ce mai sauƙi.

Wa zai shiga, me zai gani

Sabuwar PostgreSQL ba ta sauraron kowa sai na'urar da take kai. Don manhajar rahoto, ko Metabase ce ko Power BI ko Apache Superset, ta iso gare ta, sai ku buɗe postgresql.conf ku sa adireshin sabar na cikin gida a listen_addresses. Sannan a pg_hba.conf ku ƙara layi ɗaya:

hostssl rahoto mai_karatu 192.168.10.20/32 scram-sha-256

Ku karanta shi daga hagu: ta ɓoyayyen layi kaɗai, zuwa rumbun rahoto kaɗai, mai amfani mai suna mai_karatu, daga kwamfuta guda mai wannan adireshi, da kalmar sirri. Mai gaggawa yakan rubuta 0.0.0.0/0 a wurin adireshin don abin ya yi aiki, da niyyar zai gyara gobe. Wannan lamba tana nufin kowa a duniya. Ƙofar PostgreSQL ita ce 5432, kuma dare da rana akwai na'urorin da ke zagaya intanet suna ƙwanƙwasa ta. Wanda ke son rahoto daga gida ya shigo ta VPN.

Shi kuma mai_karatu, karatu kawai za a ba shi:

CREATE ROLE mai_karatu LOGIN;
GRANT CONNECT ON DATABASE rahoto TO mai_karatu;
GRANT USAGE ON SCHEMA public TO mai_karatu;
GRANT SELECT ON ALL TABLES IN SCHEMA public TO mai_karatu;

Ku sa masa kalmar sirri da umarnin \password mai_karatu. Ku lura cewa layin ƙarshe ya shafi teburorin da ke nan a yau ne kawai. Na gobe sai an yi ALTER DEFAULT PRIVILEGES. Kuma ko da wasa kada manhajar rahoto ta shiga da sunan postgres, domin mai wannan suna yana iya goge komai.

Kafin ku ba da izinin duk teburori, ku tsaya ku duba abin da ke cikinsu. Rahoton ciniki ba ya buƙatar sunan mai saye, ko lambar wayarsa, ko maganin da ya saya a haɗe da sunansa. Mutumin da ya sayi maganin wata cuta bai yi haka don ma'aikatan ofis su sani ba. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe irin waɗannan bayanai nauyin kada ya tara fiye da buƙata, kuma ko ba doka amana ce. Abin da ba a kawo rumbun rahoto ba, ba zai taɓa fita ta can ba.

Saiti don tambayoyi masu nauyi

Saitin asali na PostgreSQL an yi shi ne don ta tashi ko a ƙaramar na'ura. shared_buffers yana zuwa da 128MB. Takardun PostgreSQL sun ce a fara da kashi 25 cikin 100 na RAM, wato 4GB a namu lissafin. effective_cache_size ku kai shi wajen 12GB. random_page_cost yana zuwa da 4.0, lissafin tsohon faifai mai juyawa. A kan SSD mutane kan sauke shi zuwa 1.1.

Wanda ke yaudarar mutane shi ne work_mem. Asalinsa 4MB ne, kuma idan jerawa ko haɗa jimla ta fi ƙarfin haka sai ta zube kan faifai, tambaya ta yi ta jan ƙafa. Sai mutum ya ce bari in mayar da shi 256MB. To amma wannan adadi ba na saba gaba ɗaya ba ne, ba ma na tambaya ɗaya ba ne, na kowane mataki ne a cikin tambaya. Mu yi lissafi. Tambaya mai matakai huɗu na jerawa tana iya cin 256MB sau huɗu, wato 1GB. Ranar ƙarshen wata mutum 20 suka buɗe rahoton a tare: 20GB ke nan, a na'ura mai 16GB. Linux zai kashe wani aiki don ya ceci kansa, rumbu ya yanke kowa ya sake tashi. Ku fara da abu matsakaici, ku kuma ɗaura shi a kan mai karatu kaɗai, tare da wa'adin da zai yanke tambayar da ta ɓace:

ALTER ROLE mai_karatu SET work_mem = '64MB';
ALTER ROLE mai_karatu SET statement_timeout = '10min';

Amma saurin gaske ba daga saiti yake zuwa ba, daga rage abin da ake karantawa ne. Idan kowace safiya ana tambayar cinikin rana-rana, babu dalilin sake haɗa miliyoyin rasit kullum. A haɗa sau ɗaya a ajiye. Tun siga ta 9.3 a 2013 akwai hanyar yin haka:

CREATE MATERIALIZED VIEW cinikin_rana AS SELECT reshe, (lokaci AT TIME ZONE 'Africa/Lagos')::date AS rana, sum(kudi) AS jimla FROM ciniki GROUP BY 1, 2;

Rassa uku, kwana 365, shekara biyar: layi 5,475 ko kusa da haka. Rahoton da ke kai minti goma sai ya fito nan take. Bayan kowane lodi a sabunta shi da REFRESH MATERIALIZED VIEW. Idan wata tambaya ta ci gaba da nauyi, ku sa EXPLAIN ANALYZE a gabanta, zai nuna muku matakin da ke cin lokaci, daga nan ku san ko fihirisa a kan ginshiƙin kwanan wata ake buƙata.

Alƙaluman da za a iya tsayawa a kansu

Ku sake duban wancan umarni, wurin da aka rubuta Africa/Lagos. Agogon Najeriya da na Nijar suna gaban agogon UTC da awa ɗaya, sabobi da yawa kuma da UTC suke zuwa. Reshen da ke kwana a buɗe ya sayar da magani da ƙarfe 12:30 na dare, 1 ga Fabrairu ta riga ta shiga. A agogon UTC ƙarfe 11:30 ne na daren 31 ga Janairu. Idan ba a faɗa wa rumbu agogon da zai yanka rana da shi ba, wannan ciniki zai faɗa rahoton Janairu, littafin mai karɓar kuɗi kuma ya ce Fabrairu. Bambancin 'yan dubbai ne, amma ya isa a fara yi wa bawan Allah kallon ɓarawo. Ku ajiye lokaci a ginshiƙi irin timestamptz, ku kuma ambaci agogon a fili duk inda ake yanka rana ko wata.

Kuɗi kuma a ajiye su a numeric, kada a sa su a float, domin float kintace yake yi, kuma ƙananan kurakuransa suna taruwa a jimla mai tsawo.

Sannan kowane rahoto ya ɗauki lokacin lodi na ƙarshe a samansa, inda ido zai fara sauka. Lodin dare yana iya faɗuwa shiru, manhaja ta ci gaba da nuna jadawali mai kyau na alƙaluman makon jiya, manaja ya yi odar kaya a kansu. Ku yi ɗan tebur da ke rubuta lokacin da kowane lodi ya kammala da adadin layukan da ya kawo, ku riƙa gwada jimlar jiya a rumbun rahoto da ta rumbun aiki.

Ajiyar ko-ta-kwana

Kwafi na kai tsaye ba ajiya ba ne. Idan wani ya goge tebur a rumbun aiki, cikin daƙiƙu gogewar za ta iso kwafin. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara kwafin rumbunsu na PostgreSQL da ya tsaya, sai ya goge foldar bayanai a kan babbar saba maimakon ta biyu. Kusan 300GB suka tafi. Da aka juya ga ajiya, sai aka tarar pg_dump ya daɗe yana faɗuwa ba wanda ya sani, saboda na siga ta 9.2 ne ake gudanarwa a kan rumbu mai siga ta 9.6. Abin da ya cece su shi ne wani hoto da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin nan, bayanan waɗannan awanni kuwa sun salwanta. Kamfanin da kansa ya wallafa bayanin abin da ya faru dalla-dalla.

Rumbun rahoto ana iya sake cika shi daga rumbun aiki, amma ba duka ba. Teburorin jimla da kuka gina, da izinin masu amfani, da tarihin shekarun da rumbun aiki ya riga ya share, a nan kaɗai suke. Ku ɗauki pg_dump kowane dare, ku haɗa da pg_dumpall --globals-only don masu amfani, ku kai kwafi ɗaya wani gini daban. Sau ɗaya a wata ku mayar da ajiyar a wata na'ura ku buɗe rahoto a kanta ku gani da idonku.

Aikin gwaji

Ku girka PostgreSQL a kwamfutar aji, ku ƙirƙiri rumbun rahoto da teburin ciniki mai ginshiƙai uku: reshe, lokaci, kudi. Ku shigar da layi goma, ɗaya daga ciki da sunan reshe mai harafin ƙ ko ɗ, ɗaya kuma da ƙarfe 12:30 na daren farkon wata. Ku gina cinikin_rana sau biyu, da Africa/Lagos da kuma UTC, ku rubuta bambancin da kuka gani. Daga nan ku shiga da sunan mai_karatu ku gwada goge layi ɗaya, ku kwafo saƙon da rumbu ya ba ku. Ku gudanar da SELECT 0.1::float8 + 0.2::float8; ku sake yin sa da numeric. A ƙarshe ku ɗauki ajiya da pg_dump, ku ba abokin zamanku ya mayar da ita a tasa kwamfutar, ku zo aji na gaba da jimlar da kowannenku ya samu.